Ƙasar da Gwaggo Ta Wanke

A cikin shekara talatin da 'yan kai da na yi ina aikin ɗakin gwaje-gwaje, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Lahadi da na karɓi buhun farar ƙasa a gidan gwaggona a yankin Lafani, na ɗora fom a cinyata na cike shi tsaf, alhali ban ko leƙa ramin da aka haƙo ta ba. Ku da kuka kama aiki kwanan nan kuna ganina da furfura kuna zaton ban taɓa yin kwaɓa ba. To ku gyara zama.

A lokacin ina mataimakin babban jami'in ɗakin gwaje-gwaje a sashen kimiyyar sinadarai na wata jami'a. Ga wanda bai san aikin ba, malami shi ke tunanin abin da za a bincika, mu kuwa mu ke ɗebo samfur, mu daka, mu auna, mu kunna tanderu, mu rubuta abin da aka yi. Saura shekara biyu in yi ritaya, sunana yana cikin waɗanda za a duba don ƙarin girma na ƙarshe, kuma fayil ɗina fes yake, ko takardar gargaɗi ɗaya babu. Ina ji da wannan fayil ɗin fiye da yadda ya kamata.

Akwai wata ƙaramar malama a sashen, Malama Nafisa, mutuniyar Zariya, tana karatun digiri na uku. Bincikenta a kan wata iska yake da ake kira naitiros oksaid, wadda likitocin haƙori suka sani da iskar sa dariya. Sunan ne kawai na dariya. Tana tashi daga gonakin da aka zuba wa takin zamani, tana kuma fita da yawa daga masana'antun da ke haɗa sinadaran takin, ta hau sama ta daɗe tana riƙe zafi fiye da hayaƙin da muka saba gani nesa ba kusa ba. Ɗaya daga cikin hanyoyin kashe ta shi ne a bi da ita ta cikin wani garin sinadari mai suna ziyolait, wanda kowace ƙwayarsa cike take da ƙofofin da ido ba ya gani. In aka zaunar da ƙarfe a cikin ƙofofin aka gasa garin da zafi sosai, iskar na ratsawa sai ta rabe gida biyu ta koma irin iskar da muke shaƙa kullum. Garin shi ba ya ƙarewa a wajen aikin. Kamar dillali yake a kasuwar kara, a gabansa ake ciniki amma ba shi ake sayarwa ba.

Irin wannan gari daga waje ake kawo shi. Malama Nafisa ta ce me zai hana a haɗa shi da farar ƙasarmu ta gida. Da ta ji ni ɗan Illela ne, kuma ƙanwar mahaifina, Gwaggo Kulu, tana aure a wani ƙauye a Lafani inda suke da ramin farar ƙasa a bayan gona, sai ta roƙi in raka ta. Mutanen gidan da sana'ar suka tashi: maza su haƙo, mata su gyara su cura, 'yan kasuwa su kai har Konni ana shafen ɗaki da ita.

Mun je da bazara, rana kamar ta fasa kai. Ba mu sami Gwaggo ba, ta tafi ta'aziyya Darna Sabon Gari, sai babban ɗanta Garba ya kai mu ramin. A bakin ramin akwai wani tsibi na hogen ƙasa, busasshe, an riga an haƙo. Malama ta duƙa da hannunta ta cika ƙaramin buhu, ta ɗauki lambar wurin da wayarta, ta rubuta a fom. Na ga Garba ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya sake rufewa. Ban tambaye shi ba, don ni hankalina na kan inuwa.

Aikin haɗa garin ba na gaggawa ba ne. Ni nake daka ƙasar in tankaɗe, a gasa ta a tanderu, a dafa ta da soda a tukunyar ƙarfe mai murfin dunƙulewa, a wanke, a shanya, a jiƙa ta a ruwan sinadarin ƙarfe da muke da shi a kwalba, a sake gasawa. Sannan a ɗura kaɗan a bututun gilashi, a sako iskar daga silinda, wata na'ura tana zana layi a fuskar kwamfuta. In layin ya sauka, iskar tana rabewa ke nan. Da halin wutar lantarkinmu, zagaye ɗaya yana cin mako uku.

Ranar da aka gwada na farko layin ya faɗo ƙasa warwas, tun tanderun bai kai zafin da aka yi tsammani ba. Malama ta yi tsaye da hannu a baki. Ta maimaita, ya sake faɗowa. Ta gabatar da sakamakon a taron ƙara wa juna sani na sashe, shugaban sashe, wanda duk muke kira Farfesa, ya yaba mata a gaban kowa, shi da yabonsa ya fi ruwan bazara wuya. Daga nan ta yi ta gana wa garin azaba da tururi da zafi mai tsanani don ta ga iyakar juriyarsa, har ya mutu murus. Haka ƙa'idar binciken take. Ƙasar buhun farko kuma ta ƙare, ɗan cokalin da ya rage an aika wata jami'a a duba abin da ke cikinsa, can ma na'urarsu ta lalace ana jiran gyara.

Sai aka buƙaci ƙarin ƙasa. Malama tana da jarrabawar ɗalibai, ni kuma dama zan je gida ƙarshen mako, na ce ta bar mini. Ta ba ni fom. Fom ɗin yana tambayar abu huɗu: wurin da aka ɗebo, wanda ya ɗebo, zurfin wurin, da ko an yi wa samfurin wani abu kafin ya zo hannunka.

Na kira Garba tun ranar Laraba na ce ina tafe. Da na isa ranar Lahadi na tarar da buhu cike an jingine a zaure, an ɗinke bakinsa. Na ce bari dai in leƙa ramin. Gwaggo ta ce wane ni. Sunan mahaifinta gare ni, don haka ba ta kiran sunana, Babana take ce mini.

"Babana, da hwaren kayanga za ka shiga rami? Muna raye? Zamna ka sha hura."

Na zauna na sha fura. A fom na rubuta lambar wurin farko, na rubuta sunana a matsayin wanda ya ɗebo, a layin ƙarshe na rubuta ba a yi masa komai ba. Da na zo dakawa na ga ta fi ta farko haske da laushi, har na ji daɗi a raina, na ce wannan karon an samu mai kyau.

Bayan mako uku aka gwada. Layin ya ɗan rusuna kamar mai gaisuwar dole, ya miƙe abinsa. Malama ta ce ƙila wutar da aka ɗauke tsakiyar gashi ce. Aka sake, haka. Aka canza silinda, aka wanke bututu, aka kira mai gyaran na'ura, aka sake na uku, haka. Damina ta sauka ta yi nisa muna abu ɗaya.

Sau biyu ta tambaye ni. Na farko tana murza garin a yatsa ta ce, "Baba Umaru, kamar wannan ya fi wancan fari." Na ce ƙasa ai ba fenti ba ce, dole a sami ɗan bambanci. Na biyu bayan gwaji na uku ne, ta same ni ina wanke kwalabe.

"Baba, don Allah kada ka ji haushi. Ka tabbata rami ɗaya ne?"

"Malama, garinmu ne fa. Ni za a nuna wa ramin gidan gwaggona?"

Ta ba ni haƙuri. Ita ce fa ta ba ni haƙuri, ni kuwa na ci gaba da wanke kwalabena.

Magana ta fara yawo a sashe, kun san halinmu. Wasu suka ce dama sakamakon ya yi kyau da yawa. Wani ya ce a takardar Turawa ta kwafo alƙaluman. Farfesa ya kira ta ofis, ni ma aka kira ni da littafin ɗakin gwaji. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malama, a wannan sana'a abin da bai maimaitu ba bai faru ba. Na ba ki zagaye ɗaya. In bai fito ba, dole in miƙa maganar ga kwamitin ladabtarwa." Wanda kwamitin ya samu da ƙirƙirar sakamako, karatu ya tafi, aiki ya tafi, kuma babu jami'ar da za ta sake duban takardarsa. Ya buɗe fom ɗina ya duba ya rufe, bai tambaye ni komai ba, don an san Malam Umaru ba ya kuskure.

A ƙarshen wannan makon matar Garba ta cika kwana bakwai da haihuwa, na je suna. Da aka shafa fatiha aka watse, Gwaggo ta aika in shigo ciki.

"Babana, ya baƙuwarka? Ta yaba da ƙasa?"

Na ce ta yaba. Me zan ce?

"Ai dole ta yaba. Kwana ukku muna wankinta, ni da matan gidanga. Mu jiƙa, mu tace, mu bari ta kwanta, mu zubda na ƙasa, mu koma. Ko ɗigon ja ba mu bari ba. Wadda tak kwasa ran nan ai shara ta, ita muka hiddawa mu yar don jan da ke cikinta na ɓata shahe. Da nid dawo Garba yag gaya min, kumya kamar in nutse. Baƙuwa ta taso tun daga birni a bar ta ta kwashi shara?"

Ƙoƙon furar da ke hannuna na ajiye shi a hankali. Ko ɗan aji ɗaya ya san jan da ke cikin ƙasa ƙarfe ne. Ni na ɗauka tunda muna zuba ƙarfe daga kwalba, na cikin ƙasar ba shi da wani tasiri, ban ma taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba. Ashe ƙasar farko da nata ƙarfen ta zo, ta biyu kuwa an wanke mata shi tas saboda a girmama baƙuwa.

Na ja Garba gefe na ce don me bai yi magana ba ran nan.

"Yaya, mace mai ilimi haka, ta duƙa da hannunta tana zaɓe, ni in ce mata shara ta? Na aza ta san abin da taka biɗa."

Na ce ya kai ni wurin tsibin yanzu-yanzu. Abin da ke raina, ba zan ɓoye muku ba, shi ne in cika buhu in kai ɗakin gwaji in daka shiru, gwaji ya yi kyau, Malama ta tsira, fayil ɗina ya tsira. Muka je muka tarar ramin ya cika da ruwa har baki, sai kwaɗi. Tsibin kuma babu shi. Gwaggo ta ce ba ta son sake ganinsa, da ruwan farko ya ɓalle katangar bayan gida sai Garba ya kwashe hogen ya jera ya toshe giɓin, ya yaɓe ta waje. Wannan katanga ita ke tare ruwan da ke gangarowa daga gona zuwa ɗakunan mata.

Katanga ba ta ɗaukuwa a ɓoye. Na sha jin ana cewa Malam Umaru ya yi jarumta ya faɗi gaskiya. Da tsibin yana nan a bakin rami, wallahi ban san abin da zan yi ba.

Tun daga tashar Illela har muka wuce Gwadabawa ina juya maganar. A nan ne na ga ko da musanyar ta yiwu, ba tsira ba ce. Za ta rubuta a kundinta cewa farar ƙasar Lafani tana aiki, wani ya je ya sayi mai kyau, wadda aka wanke, ya gwada ya ga ba ta yi, zargin ya dawo mata lokacin ni ina gida ina cin fansho.

Ranar Litinin da safe na same ta ita kaɗai tana auna soda don zagayen ƙarshe. Ta rame, gyalen ma kamar ya yi mata yawa. Na ce ta ajiye cokalin. Na faɗa mata komai, har da fura.

Ta rufe kwalbar sodar. Sannan ta ce, "Baba, sau biyu na tambaye ka."

Na ce haka ne.

"Na fara zargin kaina. Na koma littafina ina duba ko ni ce na rubuta abin da ban gani ba. Mahaifina ya kira ni ya ce in na yi wani abu in faɗa masa tun kafin ya ji a waje."

Muka tafi ofishin Farfesa tare. Ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Malam Umaru, je ka rubuto abin da ka faɗa, ka sa hannu." Ƙa'ida ce, magana ta baki ba ta shiga fayil. Na rubuta shafi ɗaya da rabi. Ya ba da motar sashe, ya haɗa mu da wani malami daga cikin 'yan kwamitin ya zama shaida.

Ranar Laraba muka isa Lafani da hantsi, hadari yana haɗuwa ta gabas. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda zan gaya wa Gwaggo alherinta ne ya jawo wannan. Malama ta hutar da ni. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Inna, ƙasar da kika wanke ba a taɓa ba ni kyauta irinta ba. Amma aikin nawa jan nan yake so."

Gwaggo ta kalle ta, ta kalle ni. "Wai sharar kuka so?" Ta fashe da dariya har da tafa hannu. Sai ta ga ba mai taya ta. Ta ce mi ya faru. Na gaya mata a taƙaice cewa ana shirin korar baƙuwar daga aiki, ana cewa ƙarya ta yi, kuma laifina ne.

Ba ta yi mini faɗa a gaban baƙi ba, kallo ɗaya ta yi mini. Ta juya ta ce, "Garba, ɗauko diga."

Malama ta ce a'a, ga hadari, a jira rani ramin ya janye, za ta roƙi Farfesa ya ƙara mata lokaci. Malamin da ya zo shaida ya girgiza kai, ya ce kwamiti ba zai jira rani ba.

Gwaggo ta ce, "Ɗiyata, katanga ƙasa ta, gobe a sake ta. Ke suna aka son ɓata miki. Garba, mi kaka jira?"

Garba ya kankare yaɓen waje, hogen ya bayyana a jere yadda ya sa shi. Da aka fasa ɗaya sai ga jan zane-zane a ciki kamar jijiya. Malama da hannunta ta cika buhu uku, aka ɗaure, shaida ya sa hannu a kan kowanne, ita ta cike fom tana tambayar Garba ɗaya bayan ɗaya: daga wane ɓangaren rami, zurfin kamu nawa, tun yaushe yake a katanga. Suka kama hanya kafin ruwa. Ni na nemi izini na tsaya. Fararen kayan da aka hana ni ɓatawa ran nan, da irinsu na shiga kwaɓa, ni da Garba muna jera duwatsu da buhunan yashi. Ba mu gama ba ruwa ya sauko, ya shiga ɗakin mai jego har idon sawu, aka kwashe ta da jaririya zuwa ɗakin Gwaggo. Kwana biyu muna gyara.

Bayan mako uku aka gwada gari biyu a gaban kwamiti, na ƙasar katanga da na ƙasar da aka wanke, rana ɗaya, silinda ɗaya. Na wankakkiyar ya yi halinsa. Na katanga, tanderu na ɗaukar zafi layin ya gangaro ƙasa kamar ranar farko. Farfesa ya miƙe ya ce, "Malama, mun zalunce ki da zato." Ta juya ta fuskanci bango don kada a ga idonta. Daga baya wannan bambancin shi ya zama ƙashin bayan kundinta: cewa ƙarfen da ƙasa ta taso da shi yana zama a cikin garin ta hanyar da na kwalba shi kaɗai bai yi ba. A shafin godiya ta sa sunan Gwaggo, Allah ya jiƙanta, ta kuma sa nawa.

Ni kuwa aka ba ni takardar tuhuma, na amsa cikin kwana biyu kamar yadda doka ta ce, aka sa mini gargaɗi a fayil, aka cire sunana daga jerin ƙarin girma. A matakin da nake na yi ritaya. Ban ɗaukaka ƙara ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a ƙasarmu ba mugunta ce ta fi ɓata samfur ba, kara ce. Za ku je ɗebo ruwan rijiya a kawo muku na randa don ya fi sanyi. Za ku je ɗebo ƙasar gona a nuna muku inda ya fi albarka. Mutanenmu ba sa ba baƙo abin banza, ba sa kuma gaya masa ya yi kuskure, kuma ba za ku canza su ba, ni ma ban so su canza. Ku sha furar, ku yi godiya, sannan ku tuɓe takalmi ku shiga ramin. In ba ku shiga ba, ku rubuta ba ku shiga ba. Layi ɗaya ne, ba a korar kowa a kansa.

Malama Nafisa ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kafin abin da bayansa. Kullum ita ke riga ni gaisuwa, da salla har turmin atamfa take aika wa iyalina. Amma daga ranar, duk fom ɗin da na cike na kai mata, sai ta karanta shi layi-layi, ta ɗago ta ce, "Baba Umaru, da idonka ka gani?" Shekara biyu ina amsa wannan tambayar a gaban yaran da ni na koya wa riƙon kwalba, kuma ko sau ɗaya ban ga ina da bakin jin haushi ba.